Florence Nightingale, Malamar Masu Jinya

Duk wanda ya taɓa kwanan jinyar ɗan'uwansa a asibiti, ko a nan Gwantu ko can Kafanchan, ya san likita da safe ya kan zo zagaye. Ya duba, ya yi tambaya biyu ko uku, ya rubuta magani, ya wuce gado na gaba, don marasa lafiya da yawa su ke jiransa. Sauran yinin da dukan daren kuwa a hannun nas su ke. Ita za ta ga numfashi ya sake, ita za ta lura jariri ya daina kama nono, ita kuma za ta yanke shawara ko a ta da likita da tsakar dare ko a bari gari ya waye. Irin wannan shawara ba a rubuta ta a jikin kwalbar magani. To, yaya a ke koya wa mutum ita? Matar da za mu ba da tarihinta ta yi shekaru masu yawa tana fama da wannan tambaya. Duniya ta fi saninta da fitilar da ta ke zagaya majinyata da ita cikin dare a asibitin soja, amma mu masu koyon aikin malanta, makarantarta ta fi shafarmu.

An haife ta ran 12 ga Mayu 1820 a birnin Florence na ƙasar Italiya, iyayenta suna cikin tafiya, sai suka sa mata sunan garin. Mutanen Ingila ne, masu dukiya ƙwarai, suna da manyan gidaje biyu, Lea Hurst wajen arewa da Embley a kudu. A zamanin nan abin da a ke koya wa 'ya'ya mata na manyan gida bai cika wuce kiɗa da ɗinki da iya karɓar baƙi ba. Ubanta William, wanda ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, bai tsaya nan ba. Shi da kansa ya zaunar da ita da yayarta Parthenope, ya koya musu Latin da Girkanci da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci, da tarihi da falsafa. Ya kan ba su abin karantawa da abin rubutawa, sa'an nan a zauna a tattauna. Yayar ta kan gaji ta koma wajen uwarsu, Florence kuwa sai ta ƙara gyara zama. Lissafi ma ita ta nace da kanta har aka yarda ta koya.

A watan Fabrairu 1837, tana da shekara goma sha shida, ta ji a ranta Allah yana kiranta zuwa ga wani aiki, ko da ya ke ba ta san wane iri ba ne. Sai da aka yi shekaru kafin ta gane jinya ce. A 1845 ta roƙi iyayenta su bar ta ta yi wata uku tana koyo a asibitin garin Salisbury. Gida ya ɗauki zafi. Kada mu yi saurin ganin laifin uwarta, domin asibitocin wancan zamani wuraren ƙazanta ne da wari, masu kuɗi a gida a ke jinyarsu, masu aikin jinya kuwa an san da yawansu da shan giya, ba su da horo ko kaɗan. Aka hana ta.

Da aka rufe mata ƙofar asibiti, sai ta buɗe ta littafi. Ta kan tashi tun da asuba, mutanen gida suna barci, ta kunna kyandir, ta duƙufa karanta rahotannin Gwamnati game da lafiyar jama'a da na asibitocin Ingila da Faransa da Jamus. Tana karantawa tana kwafe alƙaluma, tana jera su, tana gwada na wannan asibiti da na wancan. In an buga ƙararrawar karin kumallo sai ta rufe takardunta ta sauko kamar ba abin da ya faru. Haka ta yi shekara da shekaru. Har wani saurayi mai ilmi da suna, Richard Monckton Milnes, ya daɗe yana neman aurenta, a 1849 ta ba shi haƙuri, don ta ga aure zai ɗaure ta. Sai a 1851, tana da shekara talatin da ɗaya, ta samu ta yi wata uku a Kaiserswerth cikin Jamus, inda wani fasto mai suna Theodor Fliedner ya ke horar da mata su yi jinya. A 1853 aka ba ta riƙon wani ƙaramin asibitin mata a titin Harley cikin Landan, ubanta kuma ya yanka mata fam 500 a shekara. Watau ran da ta fara aiki sosai, karatun ya riga ya zauna a kanta, abin da ya rage ta gwada shi a gefen gado.

A 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙi suna taimakon Turkiyya a kan Rasha. Fagen fama shi ne Kirimiya, a gaɓar Bahar Aswad ta arewa. Sojan da aka yi wa rauni a jirgin ruwa a ke kwaso su, tafiyar mil wajen ɗari uku, a kawo su Scutari, wata unguwa da ke tsallaken ruwa daga Santambul. Jaridar The Times ta buga labarin yadda su ke mutuwa ba mai duba su, mutanen Ingila suka fusata. Sidney Herbert, ɗaya daga cikin ministocin da ke kula da sha'anin yaƙi, wanda dama ya san ta, ya roƙe ta ta tafi. Ta tashi ran 21 ga Oktoba 1854 da mata 38, suka sauka a farkon Nuwamba.

Asibitin tsohon barikin sojan Turkiyya ne. Gadaje jere, in an auna tsawonsu sun kai mil huɗu. Ga ɓeraye, ga ƙwarƙwata, ga salga ta cika ta tumbatsa, ba sabulu, ba isasshen bargo. Likitocin soja da fari ba su so ganin mata a wurin ba, ita kuwa ta hana ma'aikatanta taɓa kowa sai likita ya nema. Ba a daɗe ba aka gwabza a Inkerman, jirage suka yi ta sauke masu rauni, dole ta sa aka nema. Ta sayo buroshin goge ƙasa ɗari biyu, ta kafa wurin wanki, ta gyara ɗakin girki, ta sayi riguna da kuɗin da jama'a suka tara. Da dare ta kan ɗauki fitila ta bi gadajen ɗaya ɗaya, ta kuma rubuta wa iyayen waɗanda suka mutu wasiƙa da hannunta. Daga nan sunanta ya cika Ingila.

Ga wani abu da littattafan yara ba su cika faɗa ba. Duk da wannan wahala da ta sha, mutuwa ba ta ragu ba a wannan hunturu, ƙaruwa ta yi. Soja fiye da dubu huɗu suka mutu a wurin, galibinsu kuwa ba rauni ya kashe su ba, taifot ne da kwalara da atuni da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke kawowa. A watan Fabrairu 1855, cikin kowane mutum ɗari da aka kwantar, wajen 42 su ke mutuwa. A watan Maris Gwamnati ta aiko da wata hukumar tsabta, cikinsu har da Dokta John Sutherland da injiniya Robert Rawlinson. Suka tarar ginin bisa toshasshen lambatu ya ke zaune, suka kuma ciro mushen doki daga hanyar ruwan da a ke sha. Aka wanke lambatu, aka buɗe wa iska hanya, aka rage cunkoso. Kafin watan Yuni mutuwa ta sauko zuwa wajen biyu cikin ɗari. Ita kanta a watan Mayu na shekarar ta kamu da zazzaɓi mai tsanani a Kirimiya, har aka fid da rai, kuma bai sake ta sarai ba har tsufanta.

Ta komo gida a watan Agusta 1856 a ɓoye, da sunan aro, don gudun taron tarba. A nan ne, a ganina, ta yi abin da ya fi na fitila wuya. Mutumin da duniya ke yabo, da wuya ya koma ya binciki aikin da a ke yabonsa dominsa. Ita ta koma. Ta gana da Sarauniya Biktoriya a Balmoral, ta matsa har aka kafa hukumar binciken lafiyar soja a 1857, kana ta zauna da Dokta William Farr, gwanin ƙididdigar haihuwa da mutuwa, suka bi alƙaluman yaƙin wata wata. Waɗansu masana tarihi suna ganin da farko ta fi dora laifin mutuwar bisa rashin abinci da tufafi da gajiyar soja, alƙaluman ne suka nuna mata ƙazantar ginin da ita kanta ta ke aiki ciki ta fi kowane abu kisa. Ko ma dai yaya ne, ba ta ɓoye sakamakon ba. Da ta ga manya ba za su karanta dogon jerin lambobi ba, sai ta zana shi. Ta yi da'ira kamar faifai, ta yanka ta gida goma sha biyu, kowane wata da gidansa. Ja shi ne waɗanda rauni ya kashe, shuɗi waɗanda cutar da a ke iya hanawa ta kashe, baƙi sauran. Kallo ɗaya za ka yi ka ga shuɗin ya haɗiye jan. Malamin da ke ƙyuyar yin kayan koyarwa ya tuna da wannan faifai. A 1858 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta karɓe ta, ita ce mace ta farko da ta shiga.

A ƙarshen 1859 ta fitar da ɗan littafinta, Notes on Nursing. Akwai babi guda cikinsa game da lura da mara lafiya, wanda ya kamata kowane malami ya karanta, ko da bai taɓa riƙe ma'aunin zafi ba. Ra'ayinta shi ne, babban darasin da za a koya wa mai jinya shi ne abin da za ta lura da shi, da yadda za ta lura, da yadda za ta rarrabe alamar sauƙi da alamar tsanani, da alamar da ba ta da wani muhimmanci. Ta yi faɗa ƙwarai da tambayar da ke ɗauke da amsarta. In ka tambayi mai jinya ko majinyaci ya kwana lafiya, amsa ɗaya za ka samu game da wanda ya yi barci har safe da wanda ya ɗan runtsa kawai. Gara ka tambayi awa nawa ya yi yana barci, kuma daga ƙarfe nawa. Mu Hausawa mun fi kowa sanin wannan, mu da mutum zai amsa gaisuwa da lafiya lau alhali yana riƙe da ciki. A aji ma haka ne. Wane malami ne bai taɓa tambayar yara ko sun gane ba, suka amsa gaba ɗaya sun gane, ya juya ya ci gaba da rubutu a allo?

Tun tana Scutari mutanen Ingila suka tara mata kuɗin godiya, fam 44,000 da 'yan kai. Da su aka buɗe makarantar horar da masu jinya a asibitin St Thomas na Landan a watan Yuli 1860, da ɗalibai 15. Horon shekara guda ne, ana ba su ɗaki da abinci da fam goma. Shugabar masu jinya ta asibitin, Sarah Wardroper, ita ke riƙe da su. Kowane wata akan cika wa kowace ɗaliba takarda, a rubuta yadda ta ke wajen zuwa da wuri da tsabta da riƙon amana, da yadda ta iya ɗaure rauni da gyaran gado da dafa abincin mara lafiya, da kuma yadda ta iya lura. Ban da wannan, an ɗora wa kowace ɗaliba ta riƙa rubuta abin da ta yi a yini, ta kuma rubuta labarin waɗansu majinyata tun daga shigowarsu, abin da ta gani da abin da aka yi musu.

Mai makarantar kuwa tana kwance a ɗakinta, ciwo ya hana ta fita, sai da aka shekara fiye da ashirin kafin ta taka ƙafa ta ziyarci wurin. Hankalinta kuma a shekarun farko ya tafi ga lafiyar soja da tsabtar ƙasar Indiya. Da ta waiwayo, wajen 1872, abin da ta tarar bai yi mata daɗi ba. Ɗalibai sun zama 'yan aikin ɗakin majinyata, suna wanki da shara tun safe har dare, darasin da aka yi alkawari kuwa ya yi ƙaranci. Hannu yana aiki, kai yana hutu. Ba ta rufe wannan ba don kare sunan makarantar da ke ɗauke da sunanta. Aka ba wani likitan fiɗa, John Croft, aikin koyarwa, ya tsara laccoci, ya jera littattafan da za su karanta da kansu, yana kuma yi musu jarrabawa. Aka ƙirƙiro muƙamin uwar ɗalibai, wadda za ta zauna da su a gidan kwanansu tana bin karatun da su. Mary Crossland ta karɓi wannan aiki a 1875, ta riƙe shi shekara ashirin da ɗoriya. Ita kuma Florence ta sa a riƙa kawo mata littattafan da ɗalibai ke rubutu ciki, tana karantawa. Ta kan kira su ɗaya ɗaya gidanta da ke South Street, a sha shayi, ta yi ta yi musu tambayoyi game da abin da suka gani a wajen aiki, in sun tafi ta rubuta abin da ta fahimta game da kowace.

Ku dubi tsarin da kyau. Karatu ɗaliba ke yinsa da kanta, gani da idonta ta ke yi a gefen gado, lokacin da ta samu tare da babbar malama kuwa na tambaya ne da bin diddigi. A zamaninmu an ba irin wannan tsari suna, ana ce da shi juyayyen darasi, domin an juya abin da aka saba: bayanin da malami ya kan yi a aji ya koma gida, aikin da a ke ba yaro ya yi a gida ya dawo aji. Waɗansu malaman kimiyya biyu na wata sakandare a jihar Kolorado ta Amurka, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, su suka yayata shi, bayan sun fara ɗaukar darasinsu a bidiyo a 2007 saboda yaran da ke rasa aji. Makarantun jinya da yawa sun ɗauka. Misali, maimakon malama ta cinye awa guda tana karanto alamomin ƙarewar ruwa a jikin yaro, sai ɗalibai su karanto babin tun jiya. Da safe ta kawo musu labarin yaro ɗan wata tara da aka kawo da gudawa ta kwana biyu, idanu sun faɗa, maɗiga ta lotsa, likita kuma yana ɗakin fiɗa. Me za a fara dubawa? Me za a tambayi uwar? Wace alama ce in an gan ta ba sauran jira? Wadda ta amsa sai ta kawo dalili, 'yan'uwanta su auna dalilin.

Ba na cewa Florence Nightingale ce ta ƙago wannan, ba ta san sunan ba ma. Mu ma ba baƙonmu ba ne. Ɗalibin ilmi a zauren malami, a Zariya ko Kano, ba ya zuwa da littafi a rufe. Sai ya yi muɗala'a tun da dare, ya san inda ya sarƙe masa, da safe ya karanta malam ya warware. Sai dai tsarin yana da sharaɗi mai nauyi. In ɗalibai ba su karanto ba, ko don rashin littafi ko rashin wuta ko don aiki ya cinye su, kamar yadda ya cinye ɗaliban St Thomas na farko, to, ajin ya zama fanko, an yi biyu babu. Malamin ma aikinsa ƙaruwa ya ke yi, don shirya tambaya mai kyau ya fi karanto tsohon rubutu wuya. Masu koyarwa a kwalejin jinya da unguwarzoma ta Kafanchan da mu masu shirin shiga ajin firamare, wannan nauyi ɗaya ne a kanmu.

Mu koma ga mai tarihin. A 1861 ta buɗe sashen horar da unguwarzoma a asibitin King's College. Da zazzaɓin bayan haihuwa ya yi ta kashe mata a wurin, aka rufe shi a 1867, ita kuma ta bi alƙaluman har ta buga littafi a 1871, ta nuna a wancan zamani haihuwa a irin waɗannan asibitoci ta fi haihuwa a gida hatsari. A 1863 ta tattara ƙididdigar makarantun da Turawa suka buɗe wa 'yan ƙasa a ƙasashen da su ke mulki, har da Saliyo, ta nuna yaran suna mutuwa wajen ninki biyu na tsararrakinsu na Ingila, ta dora laifi bisa cunkoso da rashin iska da tsare yara a zaune yini guda ba motsa jiki.

Tana da nata kurakurai. Ta daɗe tana ganin mugun wari da gurɓatacciyar iska ke kawo cuta, sai daga baya ta karɓi bayanin ƙwayoyin cuta, ko da ya ke tsabtar da ta ke wa'azi ta yi aiki ko ta wace fuska aka duba. Mace ce mai zafi, ta kan matsa wa abokan aikinta har su galabaita. Ta kuma yi tsayayya da shirin yi wa masu jinya rajista ta hanyar jarrabawar Gwamnati, don a ganinta takarda ba ta auna hali da lura. Akwai gaskiya a ciki, amma ba tare da rajista ba yaya talaka zai rarrabe wadda aka horar da wadda ta ɗinka farar riga kawai? Ingila ta kafa dokar rajista a 1919, bayan rasuwarta.

Ɗalibanta suka bazu. Agnes Jones ta tafi asibitin gidan matalauta na Libaful a 1865, zazzaɓi ya kashe ta a bakin aiki a 1868. A shekarar nan kuma Lucy Osburn ta kai tsarin birnin Sidni na Ostareliya. Nijeriya ma ta samu rabonta daga baya. Kofoworola Abeni Pratt, mutuniyar Ikko, wadda malamar makaranta ce kafin ta koma jinya, ta shiga wannan makaranta ta St Thomas a 1946, ta komo gida a 1954, a 1964 kuma ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci masu jinya a asibitin koyarwa na Ibadan.

Florence Nightingale ta yi tsawon rai. Idanunta suka tafi wajen 1901. A 1907 Sarkin Ingila Edward na Bakwai ya ba ta lambar girma ta Order of Merit, ba a taɓa ba wata mace ba kafin ita. Ta rasu ran 13 ga Agusta 1910 a gidanta na South Street, tana da shekara casa'in. Ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ita ce ranar masu jinya ta duniya. An nemi a binne ta a Westminster Abbey, inda a ke binne sarakuna da manyan ƙasa, danginta suka ƙi, don sun san ba ta son taro. Aka kai ta ƙauyen East Wellow kusa da Embley, sojoji shida suka ɗauki gawar, aka sa ta kusa da iyayenta. A gefen dutsen da ke nata ba a rubuta cikakken sunanta ba, sai haruffa biyu, F. N., da ranar haihuwa da ta rasuwa.